Ra'ayi: Idan ƙafar tirela ta cije, a ajiye wuta a nemo sifana mai awo

Akwai wani irin bidiyo da ke yawo a TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp, na tabbata da yawanmu mun ci karo da shi. Babbar mota ce a gefen titi, an kwance notuna duka amma ƙafa ta ƙi fita. Sai mai walda ya zo ya gasa tsakiyar ƙafar har ƙarfe ya yi ja, a buga guduma sau biyu, ƙafa ta faɗo, a sa kiɗa, bidiyo ya ƙare cikin daƙiƙa talatin. Masu kallo su yaba, su tura wa abokai, wasu har su rubuta cewa wannan ita ce basira.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Abin da ake nunawa hanya ce da ke kashe mutane, kuma mu masu waya a hannu mu ne ke yaɗa ta. Bayan haka, ƙafar da ta cije yau a hanyar Maigatari tun ranar da aka ɗaura ta aka shuka matsalar, domin an ɗaura ta da ƙarfin tuwo ba tare da awo ba. Awo kuwa shi ne tushen duk wata fasaha, ko ta waya ko ta mota. Shi ya sa na ga maganar ta cancanci shiga wannan shafi.

Me ya haɗa mu da ƙafar tirela?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel ya san abin da Alhamis take nufi. Ranar kasuwar Maigatari ce, inda shanu da raƙuma da tumaki da awaki ke shigowa daga Jamhuriyar Nijar da ƙauyukanmu. Kafin dare manyan motoci sun yi lodi sun kama hanya ta Gumel, wasu sai Legas, wasu sai Fatakwal, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Idan kaka ta yi, riɗi da zoɓo da gero na Gagarawa da Sule Tankarkar a bayan irin waɗannan motoci suke fita. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020 da aka buɗe ta Maigatari cikin guda huɗu na farko, mun ga abin da tsayawar motoci ke yi wa aljihun kowa, daga dillali har mai cajin waya.

Yanzu ka ɗauka tirela ce cike da shanu, taya ta fashe tsakanin Maigatari da Gumel a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Duk awar da ta wuce dabbobi na galabaita, wadda ta faɗi sauran su tattake ta. Mai kaya yana kiran direba a waya, direba yana yi wa yaron mota tsawa, yaron mota yana matsa wa mai faci. A irin wannan hali ne wani zai ce a kira mai walda. Wanda ke durƙushe a gaban tayar kuwa ba mai kaya ba ne. Yaron mota ne da yaron mai faci, sa'o'inmu ko ƙannenmu, kowannensu da waya a aljihu, kuma bidiyon da muke turawa shi suke kallo.

Abu uku ne ke cijewa

Ƙafar babbar mota kashi uku ce: tayar roba, da rim na ƙarfe da aka sa ta a kai, da cibiyar da rim ɗin ke zama a kanta, wadda makanikai ke kira hob. A jikin hob ne ake da ƙusoshi masu zare waɗanda ake ɗaura noti a kansu. Yawancin motocin Turai da na Sin da ke bin hanyoyinmu, irin su DAF da MAN da Iveco da Howo, ƙusa goma ce a kowace ƙafa, kaurinta milimita 22.

Abu na farko da ke cijewa shi ne rim a jikin hob. A irin waɗannan motoci ramin tsakiyar rim an yi shi daidai da bakin hob, tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, domin ita ke sa ƙafa ta zauna a tsakiya ba ta rawa. Tsatsa kuma tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi. Da zarar ta shiga wannan 'yar tazara sai ta cika ta ta ɗaure ƙarfe biyun kamar an yi musu walda. Wani zai ce ai ƙasarmu busasshiya ce. Haka ne, amma damina na zuwa, motoci na ratsa ruwa da taɓo, kuma motar da ke ɗaukar shanu kullum fitsari da kashi na tsiyaya a kan ƙafafunta. Takin zamani ma yana cin ƙarfe. Idan rim ɗin na alminiyom ne a kan hob na baƙin ƙarfe, danshi kaɗan ya isa ya sa su manne.

Na biyu shi ne noti, kuma a nan ne laifin hannunmu ya fi yawa. Kamfanonin da ke ƙera motoci sun ƙayyade ƙarfin da za a murɗa kowane noti da shi, ana auna shi da niyuton-mita, a rubuce Nm. Ga irin ƙusar da na ambata adadin yana kusa da 600, wasu kamfanoni sun ɗan haura, wasu sun ɗan gaza. To mu duba abin da ake yi a bakin titi. A zura bututun ƙarfe mai tsawon mita biyu a sifana, mutum mai nauyin kilo 70 ya hau ƙarshensa. Lissafin mai sauƙi ne: nauyi sau kusan goma sau tsawo. Ya ba da wajen 1,400, fiye da ninki biyu na abin da aka ce, tun kafin ya fara tsalle a kai. Ƙusa kamar roba take, tana ɗan miƙewa ta riƙe ƙafa sannan ta koma. Idan aka ja ta fiye da kima ba ta komawa, zarenta ya lalace, noti ya cije. Masu gyaran waya sun san wannan, domin ƙaramin sukurun da aka matse fiye da kima kansa ke cinyewa ya ƙi fita.

Na uku ba cijewa ba ce ma, rashin sani ne. Wasu motoci ƙusoshin ƙafafunsu na hagu zarensu a juye yake, wato inda ka saba kwancewa nan ne ɗaurewa. Ana samun haka a motocin Japan irin su Mitsubishi Canter da muke kira Kanta, da tsofaffin motocin Amurka irin su Mack. Japan ta sauya wa manyan motocinta tsari daga 2010, amma tsofaffin suna nan suna aiki a hanyoyinmu. Galibi akwai harafin L a kan ƙusar ko notin mai zaren hagu, R kuma a na dama. Goge kan ƙusa da haska fitilar waya na daƙiƙa biyar kan hana mutum uku su kwashe rabin awa suna ƙara ɗaure abin da suke son kwancewa.

A lura da wani abu kuma. Ƙafar da ta ƙi fita da ƙafar da ta fice da kanta mota na gudu uwarsu ɗaya. Ƙusar da aka ja fiye da kima ita ce ke karyewa a hanya. Tsatsar da aka bari tsakanin rim da hob ita ce ke marmashewa bayan an yi tafiya, noti ya saki. Taya da rim na tirela sun kai kusan kilo 100. Idan suka ɓalle a guje suka nufi mai babur ko masu talla a bakin titi, sai dai addu'a.

Abin da wuta ke yi a cikin taya

Iskar da ke cikin tayar tirela takan kai wajen fam 120 a gejin mai faci. Ma'anarsa, kowane wuri mai faɗin tafin hannu a cikin tayar yana ɗauke da turin da ya haura kilo 800, nauyin buhun siminti goma sha shida. Wannan kafin a kawo zafi ke nan.

Idan aka gasa noti ko tsakiyar rim, ƙarfe yana kai zafin har inda roba ta kama rim. Da zafin ya kai wani mataki sai roba ta fara dahuwa daga ciki, tana fitar da iska mai kamawa da wuta. Masana na kiran wannan fairolisis. Haɗarinsa shi ne da ya fara ba ya buƙatar wutar waje, kansa yake ciyarwa: zafi na ƙara dafa roba, roba na ƙara fitar da iska da zafi, matsi na hawa. Daga waje ba a ganin hayaƙi, ba a jin ƙara. Taya na iya tarwatsewa cikin minti biyu, tana kuma iya jira sai bayan awanni, lokacin da mai walda ya tafi gida, yaron mota kuma ya jingina da ita yana cin abinci. Cire bawul a sace iska ba ya kawar da haɗarin, domin ƙaramin ramin bawul ba zai iya fitar da abin da ke taruwa da sauri haka ba.

Mu da muka san batirin waya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Batirin da ya kumbura ba a huda shi, ba a kai shi kusa da wuta, saboda idan ya fara zafi daga ciki ba mai tsayar da shi. Taya ma haka take, sai dai ita ƙarfinta ya isa ya ɗaga mutum sama. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, a dokarta ta aikin tayoyin manyan motoci ta hana kai zafi jikin rim kwata-kwata. Ko da taya ba ta fashe ba, wuta tana kashe ƙwarin ƙusa da rim, tana narkar da giris ɗin boris. Ƙafa ta fita yau, amma an bar wa direba wata matsalar da za ta same shi a tsakiyar daji.

Bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna ko ɗaya daga cikin wannan. Kuma manhajojin nan abin da ya fi jan ido suke turo wa mutane. Wuta da ƙarfe ja sun fi buroshi da man kwance tsatsa kyan kallo, don haka su ne za su yi ta zuwa wayarka.

Yadda ake fitar da ita ba tare da wuta ba

Na farko, a tsare wurin. A sa waigi a sauran ƙafafu gaba da baya, a ajiye alama nesa da mota domin masu zuwa. Ƙasar Gumel da Maigatari rairayi ce, jak yana nutsewa a cikinta, don haka a shimfiɗa katako mai kauri ko farantin ƙarfe a ƙarƙashinsa. Bayan an ɗaga a tokare da wani abu mai ƙarfi. Jak na ɗagawa ne, ba a barin rai a ƙarƙashin abin da shi kaɗai ke riƙe da shi.

Na biyu, a taɓa a ji. Idan hob ya yi zafi sosai ko yana hayaƙi saboda birki ya kama ko boris ya ƙone, zafin nan ma na iya dafa taya daga ciki. A ja da baya a jira, kuma kada a tsaya a saitin gefen tayar.

Na uku, a duba rim. Idan irin mai zobe ne, wanda ake sa wa tib, kamar na tsofaffin motoci da tifofi da yawa, ko an ga tsagewa a jikinsa, a cire bawul a sace iska duka kafin a taɓa noti. Inda tayoyi biyu ne a haɗe a sace su duka biyun, domin rim na ciki na iya kasancewa a tsage, na waje ne ke riƙe da shi. Zoben da ya ɓalle da iska a ciki ya fi guduma saurin kisa.

Na huɗu, a duba harafin zare, a goge ƙusoshi da bakin hob da buroshin waya, a fesa man kwance tsatsa irin WD-40 ko makamancinsa, a ba shi lokaci ya shiga. Minti ashirin na jira ya fi awa biyu na dambe. A kiyaye kada man ya taɓa takalmin birki.

Na biyar, idan noti ne ya cije, akwai wata na'ura ta hannu mai giya a ciki wadda ke ninka ƙarfin mai juyawa sau da yawa. Tana da ƙafa da ke tokare noti na kusa, sai yaro ɗaya ya juya hannunta a tsanake ya kwance abin da ƙarti uku suka kasa. Ba ta buƙatar wuta ko iska. Idan duk da haka ya ƙi, a fasa notin da kurfi ko da abin fasa noti, a sauya ƙusar. Noti da ƙusa kuɗinsu kaɗan ne.

Na shida, idan notuna sun fita rim ne ya manne, a mayar da biyu ko uku a murɗa su kaɗan da hannu, domin idan ƙafar ta saki kada ta faɗo a kan mutum. Sannan a ɗora guntun katako mai ƙwari a gefen, a buga daga baya, a juya ƙafa kaɗan, a sake bugawa, har a zagaye. Ba a dukan rim da ƙarfe tsirara, yana lanƙwasa shi ko ya tsaga shi, kuma ba a kwanciya ƙarƙashin mota don a sami saiti. Idan ta ƙi, a mayar da notuna duka goma, a bar su sake da juyi ɗaya ko biyu, a sauke jak, direba ya matsa gaba da baya 'yan taku kaɗan a hankali yana taka birki. Nauyin motar kan karya tsatsar. Wannan dabara ta fi aminci idan ba lodi, kuma bayan an yi ta a duba ƙusoshi da kyau kafin a mayar da ƙafa.

Mayarwa kuwa ita ce aikin gaske. A kankare tsatsa da datti daga fuskar hob da ta rim har ƙarfe ya fito. A shafa giris ɗan kaɗan a bakin hob inda ramin rim ke zama, ban da fuskokin da ke haɗuwa. Kada a tsoma ƙusa cikin baƙin mai, domin ƙusar da ta jiƙe da mai tana shan ja fiye da yadda hannu ke ji. A ɗaura notuna a tsallake, wannan sannan na gabansa, ba bi da bi ba. A ƙarasa da sifana mai awo, wadda ke yin ƙara idan ta kai adadin da aka saita. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake aunawa, domin sabuwar ɗaura takan ɗan zauna.

Abin da za a ce mini

Za a ce kai da aikinka rubuta manhaja ne, me ka sani a kan taya da za ka koya wa wanda ya shekara ashirin yana faci? Gaskiya ne mai faci ya fi ni sanin taya nesa ba kusa ba, kuma yawancin matakan da na lissafa tsofaffin masu sana'ar sun san su. Amma hannu komai ƙwarewarsa ba ya bambanta 600 da 900. Injiniyan da ya ƙera motar ma da sifana mai awo yake ɗaurawa. Mai faci ba ya sa iska sai da geji, ba wanda ya ce wannan raini ne ga sana'arsa. Geji na biyu kawai nake nema masa.

Za a ce an sha gasa ƙafa ba abin da ya faru. Haka ne, kamar yadda ake shan caji da lalatacciyar caja ba abin da ya faru, sai ranar da ya faru. Bambancin shi ne a nan wanda abin ya rutsa da shi ba ya dawowa ya ɗora bidiyo.

Za a ce babu kuɗin kayan aiki. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, ba kuma zan raina ta ba, domin mai faci a bakin titi ba ya samun rarar da zai sayi babbar sifana mai awo. Sai dai na'urar ninka ƙarfin nan ba ta kai kuɗin sabuwar tayar tirela ɗaya ba, ba ta ma kai kuɗin wayoyin da wasunmu ke riƙewa ba. Sifana mai awo ta fi tsada, amma ba dole kowa ya mallaki tasa ba, guda ɗaya ta isa tasha guda. Kafin a samu kuma akwai lissafin da ba ya cin ko kwabo. A raba 600 da nauyin mutum sau goma, abin da ya fito shi ne tsawon sandar a mita. Mai kilo 60 ya tsaya a nisan mita ɗaya daga noti, mai kilo 75 a santimita 80. Sanda ta kwanta a miƙe, a tokare kan sifana kada ta zame, mutum ya ɗora nauyinsa a hankali ba tsalle, idan noti ya daina juyawa a sauka. Sikelin awon riɗi ya isa a san nauyin yaro, fenti kaɗan ya isa a yi alama a bututu. Bai kai sifana mai awo daidaito ba, amma ya fi bututun mita biyu da tsalle nesa.

Rabonmu a ciki

Idan matashi a cikinmu ya ji matsala irin wannan, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya ƙirƙiri manhaja. Ni da wannan ce sana'ata ina ganin ba a nan za a fara ba. Direban da shanu ke mutuwa a motarsa ba zai tsaya sauke manhaja da buɗe asusu ba. Abubuwan da ke cikin wayarmu yanzu sun isa.

Mu fara da nemo lambar gaskiya. A jikin aksul na tirela yawanci akwai farantin da ke ɗauke da sunan kamfani, irin su BPW ko SAF ko Fuwa. A ɗauki hotonsa, a nemo littafin kamfanin a intanet, a duba adadin Nm na notin ƙafa. Idan da Sinanci ko Jamusanci aka rubuta, Google Lens zai fassara, lambobi kuma ba sa buƙatar tafinta. Idan ka tambayi ChatGPT ko ire-irensa, ka ɗauki amsar a matsayin mafari, ka tabbatar da ita a littafin kamfani, domin sukan faɗi lamba da ƙarfin gwiwa alhali ta wata motar ce.

Sai mu mayar da shi Hausa, da murya. Masu faci da yaran mota da yawa saƙon murya suke ji, ba dogon rubutu ba. Bayani na minti biyu a kan abin da wuta ke yi a cikin taya, da bakin ɗan garinsu, zai je inda wannan rubutu ba zai je ba. Mai iya haɗa bidiyo ya je wajen dattijon mai faci a Gumel ko Maigatari, ya nemi izininsa, ya ɗauke shi yana fitar da ƙafa ta hanyar da ta dace. Shi ya yi bayanin, kai ka riƙe kyamara. Maganarsa za a fi ji.

Akwai kuma sana'a a ciki. Matasa biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi na'urar ninka ƙarfi, da sifana mai awo, da sifana mai batiri irin wadda ake caji da sola a rumfar cajin waya, da ɗan ma'aunin zafi mai haske da ake nuna wa hob daga nesa. Su raba lambar waya a tashoshi da wurin lodin dabbobi. Direban da ya maƙale ya turo inda yake ta WhatsApp, a hau babur a same shi, a yi aikin tare da mai faci a raba kuɗi. A tuna kawai, sifana mai batiri da na'urar ninka ƙarfi na kwancewa ne. Ɗaurin ƙarshe na sifana mai awo ne, in ba haka ba an koma gidan jiya da sabon kaya.

Masu motoci kuma rubutu suke buƙata. Duk ranar da aka taɓa ƙafa, yaron mota ya ɗauki hoto ya tura zauren da mai mota ke ciki: wace ƙafa, a wane gari, an sake aunawa ko ba a sake ba. Waya da kanta za ta sa rana da lokaci. Bayan an ɗaura a ja layin fenti daga noti zuwa rim, idan layin ya goce da safe an san noti ya motsa. A Turai ana sa wa notuna wasu 'yan robobi masu kibiya don wannan aiki, fenti ma yana yi.

Ƙungiyoyi irin su NARTO ta masu manyan motoci, da NURTW ta direbobi, da NATA ta makanikai suna da ikon da mu ba mu da shi. Su ne za su iya ajiye sifana mai awo guda a wurin lodi a Maigatari, su ce motar da aka taɓa ƙafarta ba ta tashi sai an auna. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da tsarin duba tankokin mai kafin su yi lodi, ban ga dalilin da zai hana motocin dabbobi da na hatsi su sami irin wannan kulawa ba. Amma kafin manya su zauna, mu yi namu. Idan bidiyon gasa ƙafa ya shigo wayarka, kada ka tura. Ka rubuta a ƙarƙashinsa dalilin da ya sa ba a yi, a taƙaice kuma ba da zagi ba. A makon nan kuma ka tsaya wajen mai facin unguwarku, ka gaishe shi, ka nuna masa lissafin nauyi da tsawon bututu a wayarka, ka bar masa ya gwada da kansa.